Kawu Tela da Rarar Waya

Kawuna tela ne. Shekara arba'in da ɗaya yana kan keken ɗinki, bai taɓa yanka abu daidai da awo ba. Wando ne ko riga, sai ya bar rara a ciki. "Mai shi zai girma," in ji shi, ko da mai shi ya haura sittin.

Da 'yarsa ta haihu a nesa, aka haɗa masa intanet ta layin tarhon gidan don ya ga jikarsa ta fari. Kiran bidiyo tara muka yi, na ƙirga. Kunnen jaririyar ɗaya kawai muka gani, hoton ya daskare.

"Kawu, wa ya ja wayar nan?" na tambaye shi.

"Ni, da hannuna."

Na ɗauki tef ɗinsa na awo na bi ta. Daga inda layin ya shigo zuwa teburin na'urar, taku shida ne. Wayar Kawu kuwa mita arba'in da uku. Ta zagaya bayan firij, ta shige ƙarƙashin kafet, ta yi gammo huɗu a bayan kabad. Ƙulli goma sha bakwai, kowanne naɗe da ƙyalle. A gefen labule ma ɗinke ta ya yi, allura ta ratsa ta sau ashirin da shida.

"Wannan rarar fa?"

"Idan gidan ya girma fa?"

"Kawu, haya kake."

Washegari na kawo mai gyara. Ya duba, ya zauna a ƙasa, ya nemi ruwa. Ya ce kowane ƙulli da kowace huda na cin ƙarfin saƙo, tsawon banza ma haka. Sabuwar waya mita huɗu ta isa.

"A bar ko kamu ɗaya na rara," in ji Kawu.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Malam, waya kake so ko jika?"

Kawu ya ɗauko almakashinsa, ya datse tsohuwar da kansa.

A kira na goma fuska ta fito tas: ido biyu, hanci ɗaya, kunnen da muka sani da ɗan'uwansa. Kawu ya matso kusa. Sannan ya ɗora tef a kan gilashin na'urar.

"Wa ya ɗinka mata rigar nan? Ko ɗan yatsa ba a bari ba."

Ya goge ido da ƙyalle, ya nufi keke.