Bankwana Tun Ba a Ci Jarrabawa Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da ƙanena a kujerar baya, Baffa a gaba kusa da direba, ya cika wurin da babbar riga da ƙamshin turare. Kun saba in na dawo daga tafiya in zuba muku hotunan kasuwa da na abinci. Wannan karon hotunan ba su da yawa, don tun kafin mu wuce Kalgo raina yake a ɓace, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai huce ba.

Ga abin da ya fitar da mu. Ƙanena ya karanta aikin gona, sai wata makaranta a Sifaniya ta zaɓe shi ya je ya koyi yadda ake adana amfanin gona kada ya ruɓe. Amma da sharaɗi: sai ya ci jarrabawar baka ta Sifaniyanci, wadda za a yi masa ta bidiyo, shi kaɗai a ɗaki, kuma sau ɗaya ake zamanta a shekara. Ni ce malamarsa, domin na yi zaman aure shekaru da dama a Malabo, birnin da Sifaniyanci ne harshen hukuma, a can harshen ya zauna mini a baki. Ana jibi jarrabawa sai Baffa, ƙanen mahaifinmu da ya riƙe mu tun rasuwarsa, ya kafe a kan sai an kai yaro ya yi bankwana da dangi. Na ce Baffa a bari a ci jarrabawar tukuna mana. Ya ce, "Jarrabawa mi? Sunanai ya hito. Yau mu tai, yau mu komo." Na san halin Baffa da hanya, shi ya sa na ɗauko littafi na shiga motar.

Ƙanena ba daƙiƙi ba ne. Wuri ɗaya ne yake kayar da shi, kuma a nan masu jarrabawa suke tsayawa su ga ko mutum ya ji harshen. A Sifaniyanci kalmar aiki takan sauya siffa gwargwadon matsayin abin da kake faɗa. In abu ne da ya tabbata ko aka saba yi, akwai siffarsa, ita ce indicativo. In kuwa fata ne, ko shakka, ko abin da bai riga ya faru ba ana jiransa, sai a koma subjuntivo. Mai cewa kullum in ya isa Jega yakan ci kifi, cuando llego zai ce. Mai cewa in ya isa Sifaniya zai yi kaza, alhali ko jirgi bai shiga ba, dole ya ce cuando llegue. Na sha gaya masa mu ma muna da irin wannan, tunda a bakin Baffa "ya zaka" daban, "ina so shi zaka" daban. Yakan gyaɗa kai ya ce ya gane, in an jima ya sake zuba mini cuando llego a España kamar a can yake kwana. Niyyata mu murje wannan wuri a hanya. Amma duk jimlar da na fara sai wayar Baffa ta yi ƙara, ya ɗaga murya yana shaida wa wani cewa ɗansa zai tafi Turai.

Mun shiga Jega rana ta ɗan ɗago. Garin nan ba ya jiran kowa: manyan motoci sun toshe mararraba, 'yan kamasho suna jan hannun mutane zuwa motar Sakkwato ko ta Yawuri, masu kabu-kabu suna kurɗawa ta inda ko akuya sai ta yi tunani. Na tambayi kuɗin mota a tasha don son sani, na ji abin da aka faɗa na gode wa Allah da Baffa ne ya sayi mai. Gidan farko na wani kawunmu mahauci ne. Gaskiya balangunsa ya yi daɗi, yajin ya ji ƙuli, kuma da a wata rana ce da na cika muku shafi da yabonsa. Amma muna ci Baffa ya miƙe ya sanar cewa tafiya ta tabbata, mako mai zuwa yaro zai tashi. Na dubi ƙanena, ya sunkuyar da kai yana wasa da albasa a faranti. Aka yi addu'a, aka shafa, aka sa mana kilishi a mota a matsayin guzuri.

Daga nan abin ya zama kamar an kwance bakin buhu. An je gidan kawu, to ba a isa a tsallake gidan ƙanwar matarsa ba. An shiga can, to maƙwabcinsu abokin mahaifinmu ne, zai ji ciwo. Kowane gida sai an zauna, an sha fura, an ji tarihin yadda ƙanena ya yi ƙyanda yana yaro. Duk inda na sami kusurwa na buɗe littafi sai wata ta leƙo ta ce baƙuwa ba ta karatu a gidan mutane, in zo in ci abinci.

Bayan azahar muka nufi Aliero. Lokacin cirar albasa ne, kuma tun ba ka ga garin ba hancinka zai gaya maka ka iso. Buhuna jibge a bakin titi, 'yan dako tsirara daga ƙugu zuwa sama suna lodi cikin zafin da ke narka kwalta, dillalai suna tsaye da waya a kunne. Yanzu albasa ta yi arha har manomi yana sayarwa yana tsaki, in damina ta kama kuma rabin abin da aka ajiye a rumfunan kara ya zama ruwa. A nan kaɗai na ga ƙanena ya farfaɗo. Ya tsuguna cikin rumfar wani manomi yana taɓa albasa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarsa ta ina iska take shiga. Wannan shi ne abin da yake so ya je ya koyo, kuma ganinsa a tsugune a wurin ya ƙara mini haushi, don na san abin da ake wasa da shi. Manomin da ya ji labari daga bakin Baffa sai ya sa aka ɗora mana rabin buhu, wai ya tafi da ita Turawa su ɗanɗana ta Aliero.

Ba mu koma gida ranar ba. Magariba ta same mu a Jega, Baffa ya ce ba a tuƙi da duhu. Washegari na tashi da shirin komawa, sai na ji ana maganar Dangamaji da Alelu. Wai labari ya riga ya kai can, kuma in ba a je ba za a ce don su mutanen ƙauye ne. Hanyar ta girgiza mu har haƙorana suka gaji. Mutanen kirki ne, ba ni da abin cewa a kansu: sun yanka kaza, sun tuƙa tuwon dawa da miyar sure, wata tsohuwa ta ƙulla daddawa da kuka a tsumma ta ce a can ba zai samu ba. A bayan wani rumbu na samu na ja ƙanena muka yi ɗan karatu. Na ba shi espero que, ina fata, na ba shi dudo que, ina shakka, na ba shi no creo que, ba na tsammani, ya bi su da siffar fata da shakka daidai, ko gargada babu. Na ce to ka ga, ashe in an bar ka ka iya. Ya ce, "Yaya, ni tsoro nika ji. Kowa ya yi mini addu'ar sauka lahiya, ni ko ban tashi ba."

Da la'asar maimakon mu yi arewa sai direba ya haye gadar gulbi ya miƙi hanyar Maiyama. Nan na yi magana, kuma ban tauna ba. Na ce Baffa gobe da hantsi ne jarrabawa, yaron nan yana bukatar ɗakinsa, da wuta, da sabis mai ƙarfi, da barci. Ya juyo ya dube ni kamar na zagi wani. Ya ce yayarsa tana Sarandosa, ita ta yi wa mahaifinmu wankan jariri, in ta ji an zagaya kowa an bar ta, shi da wane ido zai dube ta? Ya ce waya ai ko'ina waya ce. A Sarandosa muka kwana. Gwaggo ta rungume ƙanena tana kuka, ta ce ba lalle ya dawo ya same ta ba, ya yafe mata. Shi ma ya yi ta hawaye. Ni kuwa ina tsakar gida ina ɗaga waya sama ina neman sabis, ko sanda ɗaya babu.

Da sassafe na tayar da kowa muka fito Maiyama. Allah ya taimaka akwai ɗan'uwanmu mai shagon magani, yana da sola, kuma akwai ɗan ɗaki a bayan shagon inda yake ajiye kwalaye. Muka share, muka kafa wayar a kan kwali, sabis ya kawo sosai. Baffa ya ce zai je gaisuwar rasuwa a wata unguwa, na ji sanyi a raina. Kafin ya tafi na maimaita masa abin da na faɗa tun a gida: doka ce, in an fara ba mai shiga ɗakin, ko ni malamarsa. Ya ce ya ji, ai shi ba yaro ba ne.

Na zauna a benci bakin ƙofa ina saurare ta jikin katako. Mace ce mai jarrabawar, muryarta a natse. Ta tambaye shi sunansa da aikinsa, ya amsa. Ta tambaye shi matsalar manoman garinsu, ya kawo mata zancen albasa tiryan-tiryan. Sai ta jefo masa tambayar da nake jin tsoro, me zai yi in ya gama karatun. Na ji ya ce cuando vuelva, in na dawo, da siffar abin da ake jira, ya ci gaba da jero su ba tuntuɓe. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Ina cikin haka Baffa ya dawo, da tsofaffi biyu da ya kwaso daga wurin gaisuwa. Na miƙe na tare ƙofa, na ce a hankali, Baffa ba a gama ba. Ya ce, "Ke, kauce. A ce mutane za su amshi ɗana in ƙi gaishe su? Mi za su ɗauke mu?" Na sake cewa Baffa don Allah. Ya sa hannu ya tura ƙofar. Ku gaya mini, a gaban abokansa, zan riƙe rigar mutumin da ya aurar da ni ne, ko zan ture shi? Ya shiga, ya dafa kafaɗar ƙanena, ya sunkuyo har hularsa ta cika fuskar wayar, ya ce, "Baiwar Allah, sannu da aiki. Ni ab baffanai. Ga amana nan na ba ki, ki riƙe muna shi da kyau." Tsofaffin nan suna leƙe ta bayansa suna cewa madalla.

Matar ta yi wa ƙanena magana, ba da faɗa ba. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma ana naɗar zaman, kuma da zarar wani ya shigo dole ta tsayar. Ƙanena ya yi ƙoƙarin bayani. Ta ce ta fahimta, amma ba a hannunta abin yake ba. Wayar ta yi duhu. Baffa ya miƙe yana murmushi ya tambaye ni me ta ce, ko ta amsa gaisuwar.

Abin da ke bakina a lokacin ba na faɗa wa babba ba ne. Ƙanena ne ya gaya masa, da ladabi, idonsa a ƙasa. Baffa ya ce wannan wace irin al'ada ce, mutum ya yi gaisuwa a ce ya yi laifi? Ya ce a sake kiranta shi zai ba ta haƙuri. Da ya ga ba mai motsi sai ya fita ya shiga mota.

Muka kamo hanyar Birnin Kebbi. Motar tana warin albasa da daddawa, guzurin mutumin da ba inda za shi. Kafin mu sauke kaya saƙo ya shigo cewa an soke zamansa, yana iya sake nema baɗi. Ƙanena ya shige ɗaki. Da mako ya zagayo kuma dangi suka fara kira suna tambaya ko ya sauka lafiya. Baffa yana ce musu Turawa sun ɗaga tafiyar, ni kuwa duk wanda ya kira ni nakan ce bai tafi ba, ban ƙara komai.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. Ba wanda ya cuce mu don ƙiyayya. Duk wanda ya tsare mu da tuwo, ko ya yi kuka, ko ya tura ƙofa, so ne ya sa shi. Amma mu mutane ne da in an ce mana abu yana yiwuwa sai mu kama bikinsa, kuma in babba ya yi niyyar alheri ba ƙaramin da ya isa ya ce masa tsaya. Haushin Baffa nake ji, kuma ina jin haushin yadda aka rene ni har na kauce daga bakin ƙofar nan.

Jiya Baffa ya kira ni. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yara, ya tambayi zafi, daga ƙarshe ya ce, "Shin yaushe za a sake jarrabawar ga?" Na ce ban sani ba. Na sani sarai. Tunda nake ban taɓa yi wa Baffa ƙarya ba sai jiya, kuma zan ci gaba da yi masa ita har ranar ta wuce.