Mintin da Malam Haladu Yake Nema

Ni Esta, shekara tara na yi ina aikin ɗakin shan magani a Zangon Iya, wani ƙauye cikin fadama bayan Auyo, kuma ban ga mai taurin kai irin Malam Haladu ba. Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma rabin yininsa a bayan gida yake ƙarewa, wai batir yake haɗawa. Sai ya ƙona ɓuntun shinkafa ya zama gawayi, ya ɗaure a tsumma, ya naɗe da guntun alminiyam, ya tsoma a kaskon ruwan gishiri. Ɗan ƙwan tocila ya kawo ja-ja, shi kuwa baki har kunne. Mutane na yi masa dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

"Malama, gawayin ba ya gajiya," in ji shi. "Alminiyam ɗin ne fitina. Ruwa ya yi laushi ya ƙi ba da wuta, ya yi kaifi ya cinye shi."

Damunar 1994 ruwa ya shafe hanya, macizai suka hauro tudu tare da mu. Wata safiya kububuwa ta sari Yagana, 'yarsa da ta zo gida wankan jego, tana ɗaukar itace. Kafin hantsi jini ya fara fita daga dasashinta. Allurar dafin maciji tana Hadejia. Kwalekwale sai ya yi yini guda, don ciyawa ta toshe mashigi. Jirgin ruwa mai inji na masu agaji awa biyu ne, in an kira shi. Ga oba-oba, rediyon da muke kiran Hadejia da ita, a ɗakina, amma batirinta ya mutu tun mako uku, babu hanyar kai shi caji.

Haladu ya dubi oba-obar, ya ce kasko goma sha huɗu za su tashe ta. Gawayi akwai, gishiri akwai. Alminiyam fa?

Matarsa Mairam ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta sauko da tukwanen jerenta na alminiyam, waɗanda mahaifiyarta ta saya mata, ba su taɓa hawa murhu ba. A garin nan namiji ba ya ko taɓa su. Ita ta miƙa masa almakashin ƙarfe da hannunta.

Muka jera kasake a tsakar gida, ya haɗa wayoyi. Na murɗa oba-obar. Ɗan shuuu kawai, na danna in yi magana ta ɗauke. Sau uku! Ga kukan jaririya daga ɗaki.

"Malam, a sa kanwa," in ji Mairam. "Ba abin da ke cin tukunya irinta."

"Za ta kawo wuta, amma za ta cinye shi nan da nan." Haladu ya juyo gare ni. "Malama, in ta tashi ba za ta daɗe ba. Ki faɗi abin da za ki faɗa."

Mairam ta jiƙa jar kanwa a ruwan zafi, aka zuba. Kasake suka hau tafasa, wari ya tashi. Oba-oba ta buɗe tar! Na kira, wani dattijo ya amsa daga Hadejia.

"Salamu alaikum. An wuni lafiya? Ya aiki? Ya ruwa?"

Ni kuma, kaico, bakina ya riga hankalina. Babba ne, ya gaishe ni. Na ce lafiya lau, aiki da godiya, ruwa ya yi gyara. Ina jin Haladu yana cewa "Malama! Malama!" Sannan na ce maciji ya sari mai jego, jini na zuba, a kawo allura da jirgi.

"Subhanallahi! Wane gari?"

Na buɗe baki, oba-oba ta yi ɗif. Haladu ya tsoma hannu a kasko ya ɗago alminiyam, duk ya huhhuje kamar rariya.

Mutanen sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Jirgin ya fito, ya bi ƙauyuka huɗu yana tambaya. Ya iso mu bayan la'asar, an riga an rufe fuskar Yagana.

Na jira Haladu ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi. Bai taɓa ba. Bayan addu'ar bakwai ya koma kasakensa. Ya gwada kwanon rufi, ya gwada gwangwanin madara, ya shafa wa alminiyam ƙaro, ya gauraya kanwa da ruwan toka, ya ƙona ɓawon gyaɗa da ƙwallon goruba. Babu mai dariya kuma. Jikarsa ta yi wayo tana ganinsa tsugune da agogo a hannu.

Ranar da aka yi mini canjin aiki na je sallama. Na ce, "Malam, ka yafe mini. Ni na cinye lokacin nan da gaisuwa."

Bai ɗago daga kaskon ba.

"Haba Malama, mutum ya gaishe ki ki ƙi amsawa? Batirin da ba zai jira a gama gaisuwa ba, ai ba batir ba ne. Minti ɗaya ya rage mini in ƙara masa."