Ranar da Na Goya Baba daga Gulbi

Har in bar duniya ba za ni manta da shekarar farin da Baba ya ce sai ya wanke zunubinsa da guminsa ba.

A wani ƙauye kusa da Isa muke, gidajen Kirista ƙalilan ne. Baba ya karɓi Yesu da furfura a kansa, bayan ya daɗe yana yi wa iskoki yanka. A shekarar mun yi binne, mun zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Hadari ya taso, iska ta watsa shi. Maƙwabtanmu Musulmi suka fita roƙon ruwa, mu ma muka taru a majami'a, amma shiru.

Sai Baba ya sa wa ransa cewa tsohon aikinsa ne ya hana ruwa, kuma Allah bai gama yafe masa ba. Ya ɗauki azumi, ya ce gonar majami'a shi zai shayar da ita da tulu, daga ramin da ake haƙa a yashin gulbi. Gonar gero fa, da tulu. Ni mutum ne mai haƙuri, amma tsohon nan ya kusa ƙarar da shi. Kowane manomi ya san binne ba ya son ruwa kaɗan. Inda ya zuba ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Na nuna masa, ya ce ai ruwan ne bai kawo da yawa ba. Mai bishara ya zo ya faɗa masa an riga an gama aikin ceto a kan gicciye. Ya gyaɗa kai, gari na wayewa ya sake ɗaukar tulu.

Wata rana da tsakar rana na iske shi kwance a yashi, tulun ya fashe, leɓɓansa sun tsage. Na ɗora shi a bayana. Muna tafiya ya farfaɗo, ya fara mutsu-mutsu.

"Sauke ni, da ƙafata za ni."

"Wace ƙafa, Baba? Don Allah ka natsu, kana ƙara mini nauyi."

Ya ce to mi zai yi. Cikin fushi na ce ba abin da zai yi, ya riƙe wuyana kawai. Sai da muka kai bakin gari, sannan na ji ya saki jikinsa.

"Ashe abin da mai bishara ka faɗi ke nan," in ji shi.

Da muka isa gida ya sha kunu. A shekarar ba mu cika ko rumbu guda ba, amma Baba ya rayu, bai kuma sake zargin kansa ba.

Yanzu da nake koyon karatu da girmana, ina bin Littafi Mai Tsarki da yatsa, abin da nake samu ke nan. Mutum ba ya kai kansa wurin Allah. Ɗaukarsa ake yi, nasa kawai ya yarda da Mai ɗaukar.