Ba Za a Mayar da Su Lambobi Ba, Obiora

Ranar Talata, goma ga watan Yunin 2025, ina zaune a ƙofar gida a Makera aka zo aka faɗa mini cewa Obiora mai gyaran kwamfuta na Kakuri ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ni Lawal, tsohon ma'aikacin masaƙa, ban yi boko ba. Malam Shehu tela ne ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce, kuma na ce kada ya gyara mini ita.

Obiora, shekara uku ke nan da na shigo shagonka da tsohon littafin ƙungiyarmu ta ma'aikatan masaƙa a hammata. Na ce maka mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya ne muka yi aiki a sashen rini kafin a rufe masaƙa, duk suna kaina, kuma kan ya fara yoyo. Na roƙe ka ka adana mini labarin kowannensu a kwamfuta. Wurare biyu aka yi mini dariya kafin nan. Kai kujera ka jawo mini. Duk Asabar kana ɗaukar muryata, kowane mutum da fayil ɗinsa da sunansa. Ranar da gwiwa ta hana ni fitowa, kai ke hawo babur ka same ni.

Faɗanmu ɗaya ne. A littafinmu wanda ya rasu tauraro ake sa wa gaban sunansa, wanda ba a san inda ya shiga ba a sa masa alamar tambaya. Na ce haka za a yi a kwamfuta. Ka ce a baƙin allon nan da kake rubuta wa inji umarni, tauraro na nufin kowa da kowa, in aka yi sake zai kwashi abin da ba a aike shi ba. Na ce injin ya koyi tarbiyya, mu muka riga shi zuwa. Ka yi dariya, ka bi ni.

Abin da ka ji tsoro kuwa ya faru. Muryata da ka ɗauka a kan marigayi Sani direba ta lalace, ka je share ta mu sake ɗauka, tauraron ya haɗa da duk wanda sunansa ya ƙare da Sani. Mutum bakwai suka tafi. Da ka yi shiru, wallahi ba zan taɓa sani ba. Sai ga ka a gida, ka tsuguna, ka ce: "Baba, na kashe maka mutum bakwai, zo mu tashe su." Mako uku muka yi muna maimaitawa. Ba ka ce laifin taurin kaina ba ne, alhali nawa ne. Daga ranar kowane suna sai ka kewaye shi da 'yan alamomi biyu, gaba da baya, kafin ka taɓa shi. Shinge kake ce musu.

Yanzu ƙanenka Victor ya karɓi shago. Ya ce wannan wahala ce, zai cire alamomin ya jera fayil ɗin da lamba, ɗaya, biyu, uku. Ba mugu ba ne, sauƙi yake nema. To amma lamba aka riƙa kiran mu da ita a bakin ƙofar masaƙa shekara talatin. Mutanen nan ba za su koma lamba a hannuna ba. Da an gama zaman makoki zan ɗauki kujerata in zauna a shagon, kullum, har ya koyi yin shingen. Yana da ilimi, ni ina da lokaci.

Allah ya ji ƙanka, Obiora, ya ba ka hutawa, ya saka maka da amanar da ka riƙe wa matattun da ba ka taɓa gani ba. Ga matarka Adaora da 'ya'yanku da dukan dangi, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari. Victor, kai ma Allah ya ba ka haƙuri, na rashin yayanka, da kuma na zama da ni.