Dunduniyar Hagu

Ba na barin kowa ya share min tsakar gida. Da hannuna nake yi, kuma kafin in sa tsintsiya sai na duba sawun da aka bari jiya. Na san na ɗana, mai jan ƙafa kamar an aike shi dole. Na san na matarsa. Ta haka na gane jikata, 'yar shekara biyar, ba ta sauke dunduniyar hagu. Yatsu kaɗai ke fita a ƙasa.

Na faɗa wa ubanta. Ya ce, "Inna, wasan yara ne, sanɗa take yi."

"Sanɗa damina guda? Da ƙafa ɗaya?"

Ya saɓi fartanya ya fita. Sai da ta fara faɗuwa a kunyoyin gero, ta daina bin ƙawayenta Islamiyya, sannan ya yarda. Ranar kasuwar Tsanyawa muka hau mota zuwa birni.

A asibiti aka kai mu wani dogon ɗaki mai kyamarori a bango. Wata likita ta manna wa jikata 'yan ƙwallaye masu ƙyalli kamar 'ya'yan magarya, a ƙugu da gwiwa da idon sawu, ta ce ta taka zuwa can ta dawo. Ta ƙi. Na ce, "Ƙawata, ko tsohuwa ta riga ki?" Ta murguɗa min baki ta tafi.

A kwamfuta sai ga wata 'yar tsana ta kara tana tafiya, ba kai ba tsoka, amma wallahi tafiyar jikata ce. Likita ta tsayar da ita ta nuna mana. "Agarar hagu ce ta gajarta. Ga daidai inda take riƙe ƙafar."

Na ce, "Tun bara na gani."

"A ina, Iya?"

"A shara."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ci gaba da dubawa, in mun dawo ni za ta fara tambaya.

Aka ɗaure ƙafar da farin siminti, da aka cire aka shiga gashin ƙafa. Kullum da safe in share, in yayyafa ruwa, in sa ta ta taka daga rumbu zuwa bakin zaure. Tana mita, ina tsaye. Makonni babu komai.

Ana tsakiyar yankan gero na ga shi: ɗan gurbi a bayan yatsun, bai fi ƙwan zabo ba. Na kife ƙwarya a kai saboda kaji, na zauna gadi har ubanta ya dawo daga gona.