Muryar Gwaggo a Wayar Baba

Shekarar da hawan jini ya kayar da Baba a bakin makarantarsa ta allo a Fassi, ina Kano tare da wasu abokan aiki muna haɗa manhajar waya mai tuna wa marasa lafiya shan magani. Allah ya taƙaita, bakinsa ne ya ɗan karkace, ya kuma dawo daidai. Amma likitan da ya duba shi a Rano ya ja ni gefe ya ce in aka sake ba lalle ya tashi ba, kuma maganin nan ba a tsallake masa rana. Na tsorata ƙwarai, don na san Baba. Zai sha magani yau, gobe ya ji garau ya ce ai ya warke.

Na saka masa manhajarmu ina ta hura hanci. Kullum da safe muryar wata budurwa za ta ce, "Lokacin shan magani ya yi." Da na dawo gida na tarar da wayar a kashe ƙarƙashin buzunsa, maganin kuma kusan yadda na bar shi.

"Wai 'yar gidan wa ce yarinyar nan?" in ji Baba. "Ba sallama, ba gaisuwa, ina tsakiyar biya wa ɗalibai karatu ta faɗo mini da umarni."

Na ce to bari in sa tawa muryar. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne za ka riƙa aike na?"

Raina ya ɓaci sosai. Na hau babur sai Unguwar Gai, wurin Gwaggo, yayarsa, in kai ƙara. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ita kaɗai ce ba ta ce masa Malam. Ta saurare ni tana tsinkar zogale, ta ce in kira mata shi. Faɗan da ta yi masa a waya ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Kafin in koma Fassi ya sha maganin.

Da na kai wa abokan aikina shawarar mu bar kowane gida ya ɗauki muryar wanda majinyacin yake jin nauyinsa, suka ce ɓata lokaci ne, saƙo gajere ake so. Ban tsaya musu ba, na kwashe su zuwa Rano ranar da masu hawan jini ke zuwa awo. Muka bi dattawa kan benci muna tambaya, maganar wa ba ka iya ƙetarewa? Wani ya ce limamin unguwarsu. Wata tsohuwa ta yi dariya ta ce autarta da ke aure a Kibiya. Da muka tambaye su ƙarfe nawa suke shan magani, kowa sai ya ce bayan Asuba ko bayan Magariba. Muka koma muka rushe aikin, muka sake gina shi a kan muryar 'yan uwa da lokutan salla.

Ranar ɗaukar muryar Gwaggo na roƙe ta ta taƙaita. Ko kallona ba ta yi ba.

"Salamu alaikum. Ƙanena, ka tashi lafiya? Ya ƙarfin jikin? Ya ɗalibai? To, ka idar da salla, ɗauko maganin nan ka sha ina ji. Kada ka ce mini ka warke, na san halinka tun kana zanin goyo."

Washegari ina tsakar gida na ji Baba daga ɗaki ya amsa sallamar, ya amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "To, Yaya," na kuma ji ƙarar buɗe kwalba. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa a wurin aiki ba. Awon da ya biyo baya jinin ya sauka, na gaba ma haka, har malamar asibiti ta fara turo mana iyalan wasu tsofaffin masu taurin kai. Damina ta zo, Baba ya fita gonarsa da ƙafarsa.

Bara Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa. Bayan an share makoki na zauna kusa da Baba, na ce ko in canza muryar, kada ta riƙa tayar masa da hankali kowace safiya. Ya janye wayar ya sa a aljihu.

"Bar ta," ya ce. "Ita kaɗai ta rage mai yi mini faɗa."

Har yau yana amsa mata, kuma yana shan maganinsa.