Ruwan Durona da Baƙar Motar Yaya

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, wan mijina ya sayi mota baƙa wuluk. Akawu ne shi. Gida ɗaya muke a Kafanchan, bayan layin dogo, su a ɗakunan gaba, mu a na baya, rijiya a tsakiya. Tun kafin motar ma jinina bai haɗu da na mutumin nan ba.

Ruwan rijiyarmu sabulu ba ya kumfa a cikinsa, butar shayi kuwa kullum da farin ɓawo a gindinta. Shi ya sa na ajiye duro biyu a ƙarƙashin indararo ina tarar ruwan sama, don sha da wankin kayan jaririyata, wadda ruwan rijiyar ke fesa wa ƙuraje.

Asabar ɗin farko ya wanke motar da tsakar rana, ya bar ta ta bushe. Kafin la'asar ta yi ɗigo-ɗigon fari tun daga gilashi har ƙofofi, ta koma kamar zabuwa. Ya zagi matarsa wai ba ta ɗauraye bokiti ba. Daga baya wani a ofis ya gaya masa ruwan sama ba ya barin tabo.

Na dawo daga zumuntar mata na tarar da duro ɗaya ya kusa ƙarewa, ga shi damina ta riga ta ɗauke. Yana tsaye daga shi sai singileti, yana sheƙa ruwana a kan taya.

Na ce, "Yaya, wa ya ba ka ruwan nan?"

Ko juyowa bai yi ba. "Rufin da ya tara shi, ke kika kafa?"

Mijina ya ce in yi haƙuri, babba ne. Ban yi ba. Na sa maƙeri ya yi wa durona murfi, na garƙama kwado, na ɗaure makullin a bakin zanina. Yaya ya kai ƙarata wurin fasto wai na raina gidansu. Fasto ya zo, ya sha ruwan duron kofi biyu, ya yi mana addu'a, ya tafi. Kwado yana nan.

Sai ya koma kan matarsa. Da cikinta wata bakwai yake tura ta rafi kowace Asabar, sahu huɗu, wai ruwan can ya fi.

Ni kuwa na san maganin abin tun ranar farko. Babana direban mishan ne a Gwantu, da ruwan rijiya yake wanke mota, ban taɓa ganin tabo a jikinta ba. Da sassafe yake yi, a inuwar mangwaro, gefe-gefe: ya wanke ƙofa ɗaya, ya goge ta da tsohon zani mai laushi kafin ta bushe, sannan ya matsa gaba. Tsohon tabo kuwa ɗan ruwan lemun tsami a ruwa ke fitar da shi. Mako uku na yi shiru da gangan, ina jin daɗin ganin Yaya yana dirzar gilashi yana gumi. Sai da na ga ƙafafun matarsa sun kumbura, silifa ba ta shiga, na kira ta kicin na gaya mata.

Ta gwada, motar ta fito tas. Ranar Lahadi na ji shi a bakin coci yana koya wa dattawa dabarar, wai shi ya gano ta. Daga nan wankin motar ya zama aikinta, har satin da ta haihu.

Shekara biyu muka ƙara a gidan kafin a mayar da mijina Manchok. Ban taɓa shiga motar nan ba. Ko ana ruwa, da ƙafa nake zuwa coci, goye da 'yata, shi kuma ya wuce ni bai rage gudu ba.